Jikokin Goma Sha Biyu: Kwana Uku a Dajin Bialowieza

A zauren gidanmu, can ƙasar Ningi, akwai ƙahon ɓauna rataye sama da ƙofa tun kafin a haife ni. Kakana ne ya harbo ta. Maharbi ne na gaske, irin waɗanda ake yi wa kirari idan sun shigo gari, kuma har ya koma ga Allah bai gaji da ba mu labarin ba: yadda ya kwana uku yana bin sawu, yadda ta juyo masa a bakin fadama, yadda ya ɗare kanya da baka a wuya. Ina yaro na taɓa tambayarsa yaushe ɓauna ta ƙare a dajinmu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, ai ba su yi sallama ba. An dai wayi gari an daina ganin sawu."

Wannan amsa ta zauna mini a rai har na yi karatun likitan dabbobi, har aiki ya kai ni Warsaw, babban birnin Poland, wani kwas na mako uku kan cututtukan shanu. Watan Fabrairu ne, tsakiyar sanyinsu. Wata rana muna shan shayi na nuna wa wani abokin kwas ɗan ƙasar hoton ƙahon nan a wayata. Ya daɗe yana kallo. Ya ce su ma suna da tasu ɓaunar, kuma ta taɓa ƙarewa ƙaf a daji, amma su sun san shekarar, sun san wurin, sun kuma dawo da ita. A daren na sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa wurin, wato dajin Bialowieza.

Jubur suke kiranta da harshensu. Ni zan ce mata ɓaunar Turai, ko da yake ba jinsi ɗaya ba ne da tamu saniyar sake. 'Yar'uwarta ta kusa ita ce ta Amurka, wadda a da take yawo miliyoyi barkatai kafin bindiga ta kusa share ta a ƙarshen ƙarni na 19. A duk dabbobin da ke tafiya a ƙasa a nahiyar Turai babu wadda ta kai ta nauyi.

Na canza jirgi a Siedlce, na sauka a wani gari mai suna Hajnowka, daga nan bas ta ɗauke mu tafiyar kilomita wajen 20 a kan wata miƙaƙƙiyar hanya da ta tsaga daji. Ƙauyen Bialowieza, wanda 'yan garin ke furtawa kamar Biyawobiyeja, yana tsakiyar dajin, dab da iyakar Belarus. Gidajen katako ne jere a bakin titi, hayaƙi na fita daga rufin kowanne. Na sauka gidan wata dattijuwa da ke ba baƙi hayar ɗaki. Ina ce mata Pani, wato kamar a ce Hajiya ko Inna a wajenmu, ita kuma da ta ji aikina sai ta koma ce mini Pan Dokto, wato Malam Likita. Da na gaya mata ba na cin alade ba ta tsaya tambaya ba, ta soya mini wainar dankalin Turawa da kifi, ta haɗa da baƙin burodi. Muna tsaye a taga ta nuna mini wata ƙatuwar sheƙa a kan turken lantarki, dusar ƙanƙara ta cika ta. Ta ce ta wata farar shamuwa ce, kuma masu ita yanzu suna can wajenmu Afirka, sai watan Maris ko Afrilu su dawo. Gaskiyarta ne, da yawansu har Sudan da Chadi suke kaiwa. Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ta zata.

Washegari bayan na yi Asuba ɗan jagora ya zo da tsohuwar motarsa. Dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gandun daji, gashin baki fari fat, ba shi da yawan magana. Ma'aunin mota ya nuna sanyi ya kai 9 ƙasa da sifili. Riga uku na sa da safar hannu biyu, duk da haka yatsuna kamar an sare su. Muka zagaya filayen da ke gefen ƙauyukan Pogorzelce da Teremiski, yana tsayawa yana duba bakin daji da madubin hangen nesa. Har rana ta fito ba mu ga komai ba sai barewa biyu.

Amma mun ga sawu. Ya tsayar da mota a wata 'yar hanya, muka shiga da ƙafa, sai ga shi a kan ƙanƙara, kofato biyu irin na sa, faɗinsa ya fi tafin hannuna. Na tsuguna a kai na ma manta da sanyi. Gaba kaɗan ga kashi, bai gama daskarewa ba. Na karyo tsinke na tona shi kamar yadda nake yi a rugar Fulani, na ga ragowar busasshiyar ciyawa da zaren ɓawon itace. Dattijon ya kalle ni ya gyaɗa kai, ya ja ni zuwa wani matashin itace da aka ɓare wa ɓawo daga ƙasa zuwa sama, ga shatin haƙora a jiki, har ya wuce tsayin kaina. Ya ce jiya da dare suka wuce, sun kai takwas, akwai maraƙi a ciki. Da na tambayi yadda ya sani sai ya nuna mini ƙaramin sawu yana bin bayan babba. Haka kakana yake karanta ƙasa. Na tsaya ina kallon wannan Bature ina jin kamar na san shi tun da daɗewa.

Da rana ya kai ni cikin ɓangaren dajin da aka killace gaba ɗaya, inda ba a shiga sai da ɗan jagora mai takardar izini. An fara kare wannan yanki tun 1921, ya zama gandun ƙasa a 1932, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1979. Ba a sare itace, ba a kuma ɗauke wanda ya faɗi. Akwai wasu itatuwa da suke kira domb, kaurinsu sai mutum uku sun haɗa hannu, tsayi ya fi na rimi, wasu sun shekara ɗari huɗu ko fiye. Waɗanda suka faɗi suna nan kwance suna ruɓewa, gansakuka ta lulluɓe su, ƙananan itatuwa suna tsirowa a bayansu. Babu ƙarar komai sai ta maƙwaƙwafi. Ni da na tashi inda ko reshe ya faɗo kafin la'asar ya zama makamashi, na daɗe kafin idona ya saba da ganin itace haka a yashe. Ya ce mini galibin Turai haka take a da, wannan ne ɗan abin da ya rage.

Abin da ya sa ya rage shi ne farautar sarakuna. A lambun da ke tsakiyar ƙauyen akwai wani dogon dutse da aka kafa don tunawa da farautar Sarkin Poland Augustus na Uku a 1752, an sassaƙa sunayen manyan da suka halarta da yawan abin da aka kashe. Ɓauna 42 a rana ɗaya. Na karanta adadin sau biyu, raina ya ɓaci. Amma dattijon ya ce in duba ɗaya fuskar. Saboda sarakuna suna son su riƙa harbi su kaɗai, sun hana kowa taɓa dajin. Tun 1538 Sarki Sigismund ya kafa dokar kisa kan wanda ya saci farautar ɓauna. Kafin shi, Sarki Jagiello ya yi farauta a nan a 1409 don tara naman guzurin mayaƙansa. Da ƙasar ta faɗa hannun Rasha, sarakunanta suka ɗora daga nan, dajin ya zama mallakin gidan sarauta a 1888, suka gina fada, suka sa masu gadi, suna zuba wa dabbobin ciyawa lokacin sanyi. A sauran Turai ɓauna ta ƙare tun da jimawa, a nan ta tsira a inuwar masu kashe ta.

Ranar da sarautar ta kau, inuwar ma ta kau. A 1914 ɓaunar da ke dajin ta haura 700. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, sojojin Jamus suka mamaye yankin a 1915, suka shimfiɗa ƙananan layukan dogo suna kwasar katako, suna harbin ɓauna suna ciyar da dakaru. Da suka janye, babu hukuma, ga yunwa, ga bindigogi a hannun kowa. A 1919 aka kashe ta ƙarshe a Bialowieza. Shekara biyar kacal. Akwai wani reshe na jinsin a duwatsun Kaukasus, shi ma mafarauta suka gama da shi a 1927. Daga wannan shekara babu ɓaunar Turai ko ɗaya da ke yawo sake a duk duniya.

A nan labarinsu ya rabu da namu, kuma wannan ɓangare ne ya hana ni barci a daren. A 1923 wani masanin dabbobi ɗan Poland, Jan Sztolcman, ya tashi a wani taron kare halittu a Paris ya roƙi a yi wani abu. A shekarar aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta kare ɓaunar Turai a Berlin. Aikin farko da suka yi ƙidaya ce. Suka bi gidajen namun daji da lambunan masu kuɗi ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da 54 a raye. Cikinsu akwai tsofaffi, akwai waɗanda ba sa haihuwa, kuma ga wata matsala: an riga an yi ta haɗa wasu da ɓaunar Amurka da shanun gida, har ba a iya rabe mai tsantsar jini da ruwa biyu da ido. Sai suka buɗe littafin salsala, aka fara buga shi a 1932. Kowace dabba da lambarta, da sunanta, da sunan uwa da uba, da ranar haihuwa, da inda aka kai ta, da ranar mutuwa. Wadda ba a tabbatar da asalinta ba ba ta shiga. Littafin ya tsallake Yaƙin Duniya na Biyu, bayan yaƙi shugaban gidan namun daji na Warsaw, Jan Zabinski, ya ci gaba da shi, yau kuma ofishinsa yana nan cikin Bialowieza, ana rubuta shi har gobe.

Da aka bi salsalar sai aka ga duk ɓaunar Turai da ke raye yau daga dabbobi 12 ta fito. Reshen da ke Bialowieza ma daga 7 ne kawai, kuma mafi yawan jininsu na wasu biyu ne, sa mai suna Plebejer da saniya mai suna Planta, daga gandun wani basarake a Pszczyna. Ɗaya reshen yana ɗauke da jinin wani sa guda da aka kamo daga Kaukasus aka kai Jamus, shi kaɗai ya bar zuriya a cikin danginsa kaf. Har sunayen da tsari: waɗanda aka haifa a Pszczyna a wancan zamani sunansu yana farawa da Pl, na Bialowieza da Po. Na tuna Bafulatanin da zai lissafo maka uwar saniyarsa da kakarta har hawa biyar ba tare da takarda ba. Ilimin ɗaya ne. Su dai sun sa nasu a rubuce, shi ya sa bai mutu da masu shi ba.

A 1929 aka dawo da na farko Bialowieza, aka sa su cikin shinge suna hayayyafa. Sai da aka shekara 23 ana wannan kiwo kafin a 1952 a buɗe ƙofa a saki bijimai biyu, Pomruk da Popas, don a ga ko dabbar da aka haifa a shinge za ta iya riƙe kanta. Daga baya aka sako mata. A 1957 aka haifi maraƙi na farko a daji, shekara 38 bayan kashe ta ƙarshe.

Rana ta biyu mun fita tun duhu bai washe ba. Hazo ya kwanta a filin da ke bayan Teremiski. Dattijon ya kashe mota da fitila, muka zauna. Can na hango wasu baƙaƙen tsibi a bakin daji, na ɗauka dammunan ciyawa ne da manoma suka bari. Sai ɗaya ya motsa.

Muka fito a hankali, ya sa mu bi ta inda iska ke kaɗowa daga wajensu zuwa wajenmu. Ya riga ya gargaɗe ni kada mu matsa ƙasa da mita 50, kuma idan na ga wata ta ɗaga wutsiya ko tana kaɗa kai tana tonon ƙasa, in ja da baya ba gudu. Na ƙirga 14. Mata ne da karsana da maruƙa uku, gashinsu ruwan ƙasa mai duhu, raɓa ta daskare a gezarsu ta yi fari. Suna tura hanci cikin dusar ƙanƙara suna share ta gefe da gefe, suna cizgar ciyawar da ke ƙasa. Wata tsohuwar saniya ta ɗago kai ta zuba mana ido, tana tuƙa, tururi na fita daga hancinta kamar bakin tukunya. Dattijon ya raɗa mini cewa ita ce uwar garke, inda ta nufa nan kowa ke bi. Manyan bijimai ba sa zama cikin garke sai lokacin barbara, daga Agusta zuwa Oktoba, sauran shekara suna yawo su kaɗai ko biyu-biyu.

Muna shirin juyawa ya dafa kafaɗata. Daga hagu, tsakanin itatuwa, wani kutunku ya fito shi kaɗai. Ban ji takunsa ba ko kaɗan. Tozonsa ya kai tsayin mutum, gaban jikinsa cike da gashi kamar an yafa masa bargo, ga gemu har ƙirji, ƙugunsa kuma siriri, ƙafafu dogaye. Ƙahonsa gajere ne, ya lanƙwasa ciki, bai kai na zaurenmu faɗi ba, ba shi kuma da wannan kwalkwalin ƙashi da ɓaunarmu ke da shi a goshi. Irinsa kan kai kilo 800 ko fiye. Ya tsaya ya juyo da kai ya dube mu da ido ɗaya, ƙaramin ido mai ruwan goro, ƙanƙara ta maƙale a gashin girarsa. Ina jin numfashinsa. Bakina ya yi ta maimaita Subhanallahi ban ma sani ba. Ya yi kamar minti biyu haka, sannan ya sunkuyar da kai ya goga wuyansa a jikin wani kututture har kututturen ya girgiza, ya wuce abinsa. Na ciro waya in ɗauki hoto, sanyi ya riga ya kashe batirin. Ban ji haushi ba.

A mota hannuna yana rawa, ya zuba mini shayi daga fulas. Na ce masa lallai aiki ya yi kyau, an gama. Ya girgiza kai ya ce, "Pan Dokto, kai likita ne. Garken da duk uba ɗaya uwa ɗaya, me kake tsoro a kansa?"

Na san amsar. Auren zumunci idan ya yi yawa a garke, ciwo ɗaya yana iya kwashe kowa, don jikinsu iri ɗaya yake karɓar cuta. Tun wajen 1980 ake fama da wani ciwo a Bialowieza da ke ruɓar da al'aurar bijimai har su kasa barbara. A duwatsun Bieszczady da ke kudancin ƙasar tarin fuka irin na shanu ya shiga cikinsu, har sai da hukuma ta kashe garke sukutum don kada ya yaɗu. Ciyawar da ake zuba musu lokacin sanyi tana rage mutuwa, tana kuma hana su fita gonaki, amma tana tara su wuri ɗaya wata da watanni suna ci suna kashi a nan, tsutsar ciki ta samu yadda take so. Duk wanda ya ga mashayar shanu da rani a wajenmu ya san wannan. Saboda haka yanzu ake rarraba wuraren ciyarwar, ana kuma kwasar wasu ana kai su wasu ƙasashe don kada ƙwai ya taru a kwando ɗaya: Holan a 2007, Jamus a 2013, duwatsun Tarcu na Romaniya a 2014, Azarbaijan a 2019, wani daji a kudancin Ingila a 2022. Waɗanda ke yawo sake sun tashi daga kimanin 1,800 a 2003 zuwa sama da 6,200 a 2019, abin da ya sa a 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sassauta matsayinsu a jerin dabbobin da ke cikin haɗari. Amma a wannan lissafi, cikin garke 47 guda 8 ne kawai suka kai yawan da za su ɗore da kansu.

Akwai kuma wata magana da masu bincike na cibiyar nazarin dabbobi da ke ƙauyen suka kawo, wadda ta burge ni ƙwarai. Sun ce ɓaunar nan asalinta dabbar fili ce mai cin ciyawa, faɗin bakinta da tsarin haƙoranta sun nuna haka, mutane ne suka kore ta har ta ɓuya a kurmi. 'Yar gudun hijira ce a dajin da ake yi mata kirari da sarauniyarsa. Shi ya sa da ta samu sarari take fitowa fili. Filin kuwa yau gonar wani ce.

Da yamma dattijon ya kai ni wajen wani manomi abokinsa a gefen dajin. Mutumin ya zagaya da mu bayan rumbunsa ya nuna mana dammunan ciyawar da ya tanadar wa shanunsa, an yayyaga ledar an cinye rabi, shingen katako a karye. Ya ce a dare ɗaya suka yi wannan. Gwamnati tana biyan diyya, gaskiya ne, amma sai ka kai rahoto, a zo a duba, ka jira. Yana magana yana ɗaga hannu, fuskarsa ta yi ja. Ban ga laifinsa ba. Na sha jin irin wannan kuka daga manoman da ke kewayen Yankari idan giwaye suka kwana a gonar dawa, kuma mai zaune a birni ba zai gane zafinsa ba. Amma da muka shiga ciki shan shayi sai ga hoton ɓauna a bangon ɗakinsa, shi ya ɗauka da kansa ta taga. 'Yarsa kuma ɗakuna biyu take bayarwa haya ga masu zuwa kallo. Na tambaye shi, ta bakin dattijon, ko zai so a kwashe su gaba ɗaya. Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce a'a, a dai gyara masa shinge.

A ganina a bayan rumbun nan ake yanke hukuncin ko ɓauna za ta zauna, fiye da a kowane zauren taro. A 2017 wani sa ya bar Poland ya haye kogin Oder ya shiga Jamus kusa da garin Lebus, na farko da ya shiga ƙasar da ƙafarsa cikin shekaru fiye da ɗari biyu. Kafin a kwana wani jami'in yankin ya ba da umarni aka harbe shi, wai don tsaron jama'a. Shekara kusan ɗari ana rubuta salsala, amma mutanen da ya tarar ba a shirya su ba.

Rana ta uku na roƙi dattijon ya kai ni in ga iyaka. Ba mu matsa sosai ba, motocin sojoji suna ta kai da kawo. Daga nesa na hango katangar ƙarfe da Poland ta gina a 2022, tsayinta mita biyar da rabi, tsawonta kilomita 186, ta yanka dajin gida biyu. Ta wancan gefen ma akwai tsohon shingen waya tun zamanin Tarayyar Sobiyat, wanda ya riga ya raba garken Poland da na Belarus shekaru da dama. Dangin da dama can jininsu kaɗan ne, ga shi an hana su gauraya. An gina sabuwar katangar ne saboda bakin haure da suka fara kwararowa ta Belarus a 2021, daga Gabas ta Tsakiya da Afirka. Wasu sun mutu a cikin dajin nan, sanyi da fadama suka cinye su. Dattijon ya ce ya taɓa tsintar takalmin yaro da jakar barci a inda yake bin sawun ɓauna. Na tuna sanyin da ya kusa tsinke mini yatsu ina cikin riga uku, da mota tana jirana. Na yi musu addu'a a tsaye a wurin. Shi ma ya cire hularsa.

A bas ɗin komawa Hajnowka tunanina ya tafi Nijar. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu har 49 a 1996, ƙasa ma da abin da ya rage na ɓaunar Turai. Aka ƙirga su ɗaya-ɗaya ta zanen jikinsu, aka shawo kan manoman da suke cinye wa wake, yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji. Ashe abin ba sai Turawa ba. Amma ɓaunar dajinmu ba ta samu mai ƙirga ta ba. Wasu tsofaffi suna cewa bushiya ce, annobar shanu, ta kwashe ta, wasu suna cewa bindiga, wasu suna cewa gona ce ta cinye fadamar. Kowa da nasa, babu takarda ko ɗaya.

A tashar jirgi na samu wurin caji, na kira mahaifina. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yau kwana biyu ke nan da na ga ɓauna da idona, a daji, ba a shinge ba."

Ya ce, "A ƙasar Turawa? Ikon Allah. Ta kai tamu?"

Na ce ta fi tsayi, amma ƙahon Kaka ya fi nata. Na ji yana dariya, yana maimaita wa na kusa da shi. Na ba shi labarin littafin da dabbobi 12 ɗin. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke.

"To ai Malam na bakin kasuwa yana nan da ransa," in ji shi. "Tare suka yi farauta da kakanka. Shi da wani tsoho a ƙauyen gaba, su kaɗai suka rage. Idan kana son sanin inda aka ga sawu na ƙarshe, ka hanzarta, don ƙafarsa ta fara kumbura."

Na ce in sha Allahu ranar da na sauka Kano zan wuto gida kai tsaye. Akwai wani ɗan shago a tashar, na shiga na sayi littafin rubutu mai kauri da biro biyu kafin jirgin Siedlce ya iso.